Amsar Sa'idu Tana Kan Hanya

Tun da na dawo daga Hartum karo na biyu ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk inda na zauna, a bakin hanyar ruwa ne ko a kasuwar Hajj Abdalla, sai wani ya matso: "Haruna, wai da gaske ta sama magana ke bi? Wai kun ji mutumin Kano kamar yana cikin ɗaki?" Masu tambayar nan kashi biyu ne. Akwai masu son jin abin mamaki, su ba ni da damuwa da su. Akwai kuma masu son jin yadda aka yi hawashar Baffa Mamman, wato gonarsa ta auduga, ta dawo hannuna, su ne masu tambaya suna kallon ƙasa. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri. Ga shi nan gaba ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a kuma ƙyale ni haka.

Baffa Mamman yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami. Tare muka tashi da ɗansa na fari, Sa'idu, kwano ɗaya tabarma ɗaya. Sa'idu ya yi karatu, ni na yi noma. Aka ɗauke shi koyar da Larabci a Kano, can ƙasar da kakanninmu suka baro da ƙafa. Ya tafi da cewa shekara biyu zai yi, shekaru suka yi ta wucewa. A nan gida yanar ido ta kama Baffa, har ya kai ba ya bambanta auduga da ciyawa. Sai mufattish, wato jami'in da ke kula da gonakin audugar yankinmu, ya ce lalle kafin shuka Baffa ya faɗi sunan wanda zai riƙe hawasha, gonar da ya yi rayuwarsa a cikinta. Baffa bai damu da gonar kamar yadda mutane suke zato ba. Ɗansa yake so ya dawo, gonar ce kawai ta ba shi bakin da zai faɗa.

Sai an san halin Baffa za a gane abin da ya faru. Yana da doka biyu da ba ya sassautawa. Ta farko, sallama uku ce: in ya yi uku a ƙofar gida ba a amsa ba, ya juya ke nan, ko da gidan ɗan'uwansa ne. Ta biyu, yaro ba ya cusa baki cikin maganar babba. Sai babba ya gama, ka sunkuyar da kai, ka ɗan saurara ko da sauran magana, sannan ka amsa. Da tsumagiya aka koya mana wannan, kuma Sa'idu ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Ga kuma kunyar ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin Baffa ya kira sunan Sa'idu ba, sai dai "yaron ga" ko "na Kano". To mutum irin wannan ne ya haɗiye girmansa ya ce a kai shi Hartum ya roƙi ɗansa da bakinsa.

Wani fatake mai bin hanyar yamma ya kai saƙo, wani ya kawo amsa: Sa'idu zai zauna a gidan wayar Kano ranar Alhamis ta farko a watan Rajab, tun safe har a kira shi.

Muka tashi ranar Talata a bayan motar albasa. Baffa ya sa farar rigarsa ta Sallah tun daga gida. Na ce, "Baffa, wanda za ka yi magana da shi ba ganinka zai yi ba."

Ya ce, "Ni na san abin da nis saka."

Ba mu yi nisa ba muka tarar wani mai gadin ruwa ya yi barci, ruwa ya fasa ya malale hanya. Direba ya ce zai wuce, mota ta ce ba ta san zancen ba. Aka sauke mu duka, maza suka shiga turi. Na zaunar da Baffa a kan tudu na ce kada ya motsa. Motar na fita daga taɓo sai ta yi baya-baya da tayoyinta ta watsa masa laka tun daga rawani har gwiwa. Wata mata mai kwandon kaji ta kama dariya, da ta ga fuskarsa ta mayar da ita tari. Haka muka tafi har Madani. A can na wanke rigar a famfon masallaci, muka zauna yana sanye da taguwa muna jiran ta bushe, shi ya sa motar Hartum ta ranar ta tafi ta bar mu. Muka kwana a rumfar tasha, sauro ya yi bikinsa a kanmu.

Washegari muka hau bas. Daga Madani titin kwalta ne, Baffa ya ce shi bai yarda da hanyar da ba ta girgiza mutum ba. Duk tsawon hanya yana ba wani malamin makaranta da ke kusa da shi labarin cewa shi ba baƙon waya ba ne. Lokacin da yake shugaban manoman sashenmu ya sha ɗaga wayar ofishin mufattish ya yi magana da Madani a kan rabon ruwa. Ya ce, "Kahin ka ruhe baki an amsa maka. Waya ba ta da wuya, mutane ad da wuya." Yana nuna turakun waya da ke bin gefen hanya, ko da yake ba ganinsu yake yi sosai ba.

Mutane kan tambaye ni ko mun tsallake iyaka. Mun tsallake, ba tare da mun bar ƙasarmu ba. Dab da shiga Hartum akwai shingen 'yan sanda. Wani saurayi mai kaki ya hau bas, ya bi fuskoki da ido, ya wuce kowa ya tsaya a kanmu. Tsagen da ke kumatun Baffa ya gani.

"Fallata? Ina jinsiya?"

Fallata shi ne sunan da suke kiran mutanenmu da shi, jinsiya kuwa takardar zama ɗan ƙasa yake nufi. Na ciro tawa da ta Baffa. Ya juya su gaba da baya kamar mai sayen tsohon takalmi. Baffa ya fara gaya masa da Larabcin da ya fi nasa tsabta cewa a nan aka haife shi, a nan kabarin ubansa yake. Bai kai rabi ba yaron ya katse shi: me ya kawo mu birni? Na ce waya za mu yi Najeriya. Ya yi dariya ya ce wa abokinsa, "Maimakon waya, su koma mana." Ya wurgo mana takardun a cinya. Abin da ya ƙona wa Baffa rai ba maganar komawar ba ce, wannan mun saba ji tun muna yara. Har muka shiga gari yana maimaitawa, "Ina magana yana magana. Wanga ba ya da uba gida?"

Masaukinmu a Ishash yake, unguwar da mutanenmu suka taru a kudancin birnin. Ɗakunan laka ne da langa-langa, lunguna matsattsu, ga warin kwata ga ƙamshin agashe, wato tsirenmu da Larabawa suka karɓa suka fi mu so. Gidan Hajja Kulu muka nufa, 'yar garinmu ce da ta zo birni bayan rasuwar mijinta tana sayar da soyayyar gyaɗa. Baffa ya tsaya a ƙofa ya yi sallama. Shiru. Ya sake. Ya yi ta uku, sai ya juya ya kama hanya da sandarsa, ni da kaya a ka ina roƙonsa. Mun kusa ƙarshen lungu sai ga Hajja Kulu a guje, matsami a hannu, mayafi na jan ƙasa. Ashe tana bayan gida kan kasko, ta amsa tun ta farko, ƙarar yashi da gyaɗa ce ta danne muryarta.

Ta ce, "Yaya Mamman, har yau kana nan da halin ga? Wata rana sallamar ga taka za ta kwana da kai waje."

Muka yi dariya, har shi. Yau in na tuna dariyar nan sai in ji abinci ya fita raina.

Mutanen Hartum ba su da lokacin gaisuwa. Mu a gida in ka gamu da mutum sai ka tambayi kwana da gajiya da iyali da ruwa da dabbobi, yana amsawa kana ɗorawa, kamar masu daka biyu a turmi ɗaya. Su kuwa "Kef?" "Tamam," kowa ya wuce. Abincinsu kuma ful ne, wato dafaffen wake, da burodi, safe ful, rana ful, in dare ya yi a jiƙa burodin jiya cikin ruwan ful a sa masa wani suna. Baffa ya ɗanɗana ya ture kwanon, ya ce ko dokin ubansa wake ba kullum yake ci ba. Hajja Kulu ta tausaya masa ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka. Ya ci ya ƙoshi, ya sa ta goge masa farar riga da dutsen guga na gawayi. Da magariba na ji shi a bayan ɗaki yana magana shi kaɗai. Bitar abin da zai gaya wa Sa'idu yake yi.

Ranar Alhamis tun hantsi muna babban gidan waya. Zaure ne mai faɗi, benci-benci, fanka na juyawa ba ta kawo iska, a gefe ɗaya jerin ƙananan ɗakuna masu ƙofar gilashi. Na ba da sunan gari da lamba a taga, aka ce mu zauna. Muka zauna. Aka kira masu Jidda, aka kira masu Alkahira, aka kira wani Bagirke mai magana da hannu. Muka yi azahar muka dawo. Duk zaman nan ba wanda ya gaya mana komai game da yadda ake magana a layin waje, ba ma'aikaci ba, ba takarda a bango ba. Su a ganinsu kowa ya sani. Wannan har gobe ban yafe ba.

Dab da la'asar aka ce, "Kano, ɗaki na biyu."

Ɗakin da kyar ya ɗauke mu mu biyu. Ni na riƙe wa Baffa kan wayar a kunne, nawa kunnen na manne a bayansa. Abin da na fara ji shuu ne, kamar ruwan sama a nesa.

Baffa ya ce, "Salamu alaikum."

Shiru. Ba shiru mai tsawo ba, amma ya fi wanda mutum ya saba. Baffa ya ɗaga murya, "Ana jina?" Daidai lokacin na ji guntun muryar Sa'idu, "…kumus salam, Ba…" sai ta yanke kamar an sa wuƙa. Haka gaisuwar ta tafi. In Baffa ya tambayi gajiya sai amsar kwana ta iso, in ya tsaya sai can ma a tsaya. An gaya mana mintocin kaɗan ne, sai ya bar gaisuwa ya shiga abin da ya kawo shi.

"Idona ya tahi. Mufattish na bukatar suna. Za ka komo ka kama hawasha?"

Shuu kawai.

Baffa ya jira gwargwadon yadda yake jira a ƙofar gida. Sannan ya ce, "Tambayarka nikai. Za ka komo?" Yana cikin faɗar haka na ji "Na'a…" daga can, ta sake yankewa. Ni na ji. Shi da kunnensa ya yi nauyi, kuma muryarsa ta cika ɗakin, bai ji ba. Na buɗe baki zan ce ya dakata, ya ɗaga min hannu. Ni ma da tsumagiyar nan aka raine ni.

Sai ya sassauta murya, irin sassautawar da ban taɓa ji a bakinsa ba.

"Yaron ga, ta ukku ke nan. Na tsuhwa. Za ka komo gida?"

Wannan karon ya jira fiye da na baya, Allah ya sani ya jira. Ba abin da ya zo. Sai fuskarsa ta ɗaure.

"To, na ji amsarka. Zamna can. In an ce maka na mutu, kar ka zo bisa gawata."

Ya ture hannuna, ya lalubi ƙofa ya fita. Na kai wayar kunnena, sai ga muryar Sa'idu tar, kamar yana tsaye a kafaɗata.

"…jira nikai ka ƙare, Baba. Sau biyu ina buɗe baki sai in ji ka taso da magana. Ina zuwa, wallahi ina zuwa. Baba, mi niy yi?"

Na ce, "Sa'idu, ni na, Haruna." Shiru. Na ce, "Kana ji?" sai ga shi yana magana, na tsaya, shi ma ya tsaya. Na fara, ya fara. Mu da muka yi shekaru muna hira a tabarma ɗaya muka kasa haɗa magana guda. Muna cikin wannan karo wata murya ta ce lokaci ya cika, layi ya mutu.

Na fito daga ɗakin. Wani dattijo Balarabe mai farin rawani, da ya ga komai ta gilashi, ya kama hannuna ya zaunar da ni. Ya ce, "Karon farko ne, ko?" Ɗansa na aiki a Ingila, duk wata yana zuwa nan. Shi ya warware min. Ya ce wayar Madani igiya ce a kan turaku, hanya ce gajera, magana na fita ta isa. Wannan kuwa ba igiya. Maganar sai ta hau sama can ƙololuwa, wurin wani abu da aka harba da suke kira wata na ƙira, ta sauko. Kuma tunda ba layi kai tsaye tsakaninmu da Najeriya, a ƙasar Turawa take sauka, a sake harba ta sama, sannan ta sauko Kano. Amsa ma haka za ta biyo. Ya ce tsakanin manyan ƙasashen Turawa akwai igiyoyi shimfiɗe a ƙarƙashin teku, in an dace da su ba a jin wannan jinkiri, mu ne sai ta sama. Abin da ya fi muni, in kana magana na'urar kan toshe muryar na can don kada taka ta dawo maka, saboda haka in kuka yi karo ɗaya ne ke ɓacewa.

Ya ce, "Ka faɗi taka, ka yi shiru, ka jira har sai ka ji kamar an raina ka. Sannan amsa ta zo."

Nan na gane komai. Jinkirin hanya, ga ɗan sauraron da aka koya wa Sa'idu na ladabi, su suka haɗu suka zama shirun da Baffa ya ji. Da ya yi karo da uban sau biyu sai ya ƙara tsawon jiran a na uku, don kada ya sake cusa baki. Da mara kunya ne irin ɗan sandan shinge, da yanzu yana gida.

Na tarar da Baffa a gindin bishiya a waje. Na durƙusa na gaya masa abin da Sa'idu ya ce, kalma bayan kalma, da bayanin dattijon. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Na yi waya da Madani ba sau ɗai ba. Magana ba jaki ba ce da za ta tsaya cin ciyawa bisa hanya."

Na ce, "Baffa, da kunnena na ji ya ce yana zuwa."

"Kun sha nono... a'a, kun ci tuwo kwano ɗai. Dole ka ruhwa mai asiri. Tashi mu tahi."

Na koma taga na roƙi a sake haɗa mu. Aka ce layin Najeriya ya rufe, gobe Juma'a, in zo Asabar. Asabar kuwa wa zai gaya wa Sa'idu ya koma gidan waya? Hajja Kulu ta yi nata ƙoƙarin da daddare, ya ce mata ta tsaya kan gyaɗarta. Muka dawo gida a jirgin ƙasa. Farar rigar tana cikin ƙunshi.

Kwana kaɗan da dawowarmu Baffa ya sa na kai shi ofishin mufattish, ban san abin da ya shirya ba. Ya faɗi sunana. Na ce a'a a gaban mufattish, na ce a'a a gaban shaidu, na ce gonar Sa'idu ce. Tawa amsar an ji ta sarai, ba jinkiri ba yankewa, amma ba a karɓa ba. Baffa ya ce in ban sa hannu ba, bare zai ba. Na sa, na kuma faɗa da ƙarfi cewa riƙo nake yi wa mai ita. Kafin mu iso gida labari ya riga mu: Haruna ya raka tsoho birni ya dawo da gona. Wasu har cewa suka yi ni na danne wani abu a jikin wayar. Mutanen da ba su taɓa ganin ɗakin waya ba su suka fi kowa sanin abin da ake dannawa.

Na yi ta neman hanyar da zan fahimtar da shi. Na kawo malamin makarantar garinmu ya yi masa zane a ƙasa, mutumin da ba ya gani. Na kawo liman, Baffa ya ce liman ya san Littafi, bai san waya ba.

Wata rana da yamma, ruwan farko ya sauka, na raka shi bakin kogi don yana son jin iskar wurin. Muna zaune sai na hango wani mutum a tsallake yana saran bagaruwa. Ina ganin gatarin ya sauka, sai an ɗan jima ƙarar ta iso. Abin da na gani tun ina yaro ban taɓa kula ba. Na ce, "Baffa, dubi mai saran can."

Ya ce, "Ba'a kakai min? Ni ƙara ɗai nika ji."

Sai na kama wuyan hannunsa. Na ce duk lokacin da gatarin ya taɓa icen zan matsa. Gatari ya sauka, na matsa. Shiru. Sannan, kau. Ya sake sauka, na matsa. Shiru. Kau.

Baffa bai motsa ba. Can ya ce, "Sake."

Na yi ta matsawa har mai saran ya gaji ya zauna. Baffa ya ce, "Kogin ga ɗai."

Na ce, "Kogin ga ɗai, Baffa. Bare sama sau biyu."

Da ya buɗe baki sai ya ce, "Sa'idu." Haka kawai, sunan. Ya sake faɗa, kamar mai gwada ko bakinsa zai iya. Sannan ya ce, "Aika mai. A sa rana. Ka maishe ni ɗakin ga, in ya so in kwana ina jira."

Amma damina ta riga ta kankama. Hanyar yamma ta rufe, fatake sun zauna. Na je Madani na aika takarda ta gidan waya, ba mu ji komai ba, daga baya na gane ba ta taɓa isa ba. Sai da ruwa ya ɗauke aka sami mai tafiya. Kafin nan zazzaɓin damina ya kwantar da Baffa. Ya rasu cikin azumi, kullum yana tambaya ko an sa rana. A farar rigar nan aka samo abin da aka rufa wa makara.

Amsa ta zo ana shirin tsinkar auduga: Sa'idu zai zauna a gidan waya ranar da na ambata. Bai san komai ba, don ban yarda a gaya masa ta bakin fatake ba. Na koma Hartum ni kaɗai. Hanyar ita ce dai, shingen shi ne, an sake tambayata jinsiya. Hajja Kulu ta ga na shigo ba tare da shi ba, ta ajiye matsami ta zauna a ƙasa.

Wannan karon na iya waya. Na yi sallama na jira. Ya amsa. Na ce ya bar ni in gama, ba zan tsaya ba sai na ce na gama. Na gaya masa rasuwar. Na gaya masa zancen gatari, da cewa Baffa ya janye maganarsa a gaban liman, ya yafe, ya kuma nemi a yafe masa. Na ce hawasha na nan, tasa ce. Na ce na gama.

Na jira. Muryarsa ta iso.

"Wata biyar ina kwana da maganar ga, Haruna. Ya ce kar in zo, kuma ban zo ba."

Na ce, "Ya kira sunanka. Bakin kogi, sau biyu. Ni na ji."

Na yi shiru yadda dattijon nan ya koya min. Na ba maganar lokacin hawa sama da saukowa, na ba amsa nata lokacin, na ƙara da ɗan sauraron ladabi. Duk suka wuce. Ina jin numfashinsa a cikin shuu ɗin, layi bai yanke ba. Wannan shirun ba na watan ƙirar nan ba ne, nasa ne. Ban ce masa "kana ji?" ba. Na riƙe wayar a kunne har aka ce lokaci ya cika.

Ga abin da ake ji ke nan in an yi magana ta sama, tunda kuna son sani. Mun tsinke audugar bana, ta yi kyau. Rabon Sa'idu na ajiye a ɗakin Baffa, har yau bai ce a aika ba, bai kuma ce yana zuwa ba.